Tambaya: aksil ɗin bayan Peugeot 504 ya hana ni sakat

Assalamu alaikum. Iyayena makanikai da masu tsofaffin motoci, don Allah ku ba ni shawara.

Ina da akori-kura Peugeot 504, haɗin Kaduna, gadon mahaifina Allah ya jiƙansa. Da ita nake kai hatsi kasuwar Maigatari duk Alhamis daga ƙauyenmu a wajen Gumel. Da damina na faɗa wani rami da lodin gero, tun daga ranar bayanta yake kuka, wuu-wuu, musamman in na ɗaga ƙafa daga totur. Tayar hagu kuma tana rawa. Da na cire ta, sai na tarar man giya ya jiƙe birkin sharkaf, har yana ɗiga a ƙasa.

Bakanikenmu ya sauya boris da sil har sau biyu. Sati uku ba a yi ba, yoyon ya dawo. Yanzu cewa yake shaf ɗin ne, wato sandar ƙarfen cikin aksil da ke juya taya, ya lanƙwashe, a kai wa maƙeri ya gasa ya miƙe shi. Ni dai hankalina bai kwanta ba, ƙarfen da ya sha wuta ina tsoron ya karye da kaya a hanya.

To, ta yaya zan gane ko shaf ne kawai, ko gidan aksil ɗin ma ya karkace? Kukan nan na haƙoran ciki ne? In kuwa aksil ɗin gwanjo zan nema a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, me zan duba kafin na biya? An ce mini na ƙaramar 504 ba ya hawa akori-kura, gaskiya ne?

Sayar da ita kam babu a lissafi. Na gode, Allah ya saka da alheri.