Da za a kawar da zakuna da kuraye, barewa za su huta ne?

Mai_Son_Sani:
Salam 'yan uwa. Dan Allah abin nan ya daɗe yana min yawo a kai, zaki da damisa da kura kullum cikin kashe barewa da gada suke, to me ya hana su cinye su kaf? Kuma da za a kawar da masu farautar nan ai sai sauran su sarara su yi ta haihuwa ko?

Ɗalibin_Daji:
Wslm ɗan uwa. Haihuwa kam za su yi amma hutun ba ya daɗewa. A tsibirin St. Matthew na Alaska an sauke barewar ƙasashen sanyi guda 29 a 1944, babu dabbar da ke farautarsu a wurin, zuwa 1963 sun kai wajen 6,000, suka cinye tsiron da suke rayuwa a kai tas, sai hunturu mai tsanani ya zo ya same su a rame, da aka koma a 1966 guda 42 kacal aka tarar wlh. Yunwa ce ta gama da su.
Batun cinyewa kuwa ba ya yiwuwa cikin sauƙi, don in nama ya yi ƙaranci 'ya'yan mai farautar ma mutuwa suke. A dazukan Kanada zomaye na yin yawa, kyanwar daji ta biyo bayansu ta yi yawa, zomaye su ragu ita ma ta ragu, kusan duk shekara 10 haka abin ke juyawa.

Uwar_Biyu:
Malam ka manta gandun dajin Yellowstone na Amurka. An ƙarar da kerkeci a can tun wajen 1926, manyan barewar wurin suka yi ta aske ƙananan itatuwan bakin rafi. A 1995 da 1996 aka kawo kerkeci guda 31 daga Kanada aka saki, barewar suka ragu sosai, a wasu wuraren itatuwan suka fara farfaɗowa. Amma fa ba kerkeci kaɗai ya yi aikin ba, akwai fari da kuma mutane masu harbi a wajen gandun.

Baba_Tsoho:
Yarana ku ƙara da wannan, girman dabba ma yana da tasiri. A Serengeti ta Tanzaniya ƙananan irin su gada kusan duk a bakin masu farauta suke mutuwa, amma ɓauna da giwa ciyawa da ruwa ne ke iyakance su. Dabbar nan wildebeest mai kama da saniyar daji ma da aka kawar da cutar bushiya, annobar shanu da ke kashe ta, a shekarun 1960 sai da ta haura miliyan ɗaya, zakuna na nan suna kamawa amma ba su hana ta ƙaruwa ba, ƙarancin ciyawar rani ne ya tsayar da ita.

Mai_Son_Sani:
Na gode ƙwarai Baba. To ina damisa, ita ma in ta ɓace birai ne ke yawa?