Awaki a turke: yadda muke fama da damina

Mai jajayen awaki, Gwandu:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Tun da shuka ta fito mai gari ya sa aka yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa, kuma kun sani babu saki sai an kwashe gero da dawa da wake. Wanda ba ya kiwo gani yake damina lokacin ƙoshi ne. Ni kam a wurina ita ce mafi wuya a shekara. Da rani akuya kan fita ta tsinci 'ya'yan gawo, ta bi karan gona, ta dawo da yamma in ƙara mata dusa. Yanzu duk abin da za ta sa a baki sai na ɗauko a ka, ga noma yana jirana. Harawar bara ta ƙare, awakin sun fara ramewa, ɗaya tana zawo. Don Allah kowa ya faɗi yadda yake yi.

Uwargida daga Argungu:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin maganar abinci, duba inda suke kwana. Mu nan kusa da fadama ƙasa ba ta bushewa, akuya kuwa ba ta son jiƙa ko kaɗan. In ta wuni tsaye cikin caɓi da kashinta, tsakanin kofato yakan ruɓe, ka ji wari, ta koma cin abinci a durƙushe. Na sa maigida ya yi musu rumfa, ya tara ƙasa ya yi tudu, muka jera itace a kai. Kowace safiya nakan share, in zuba tokar murhu. Kashin kuma ba asara ba ne, a buhu nake tarawa a kai gona.

Ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar mutane ba ta bar mu ba. A kwalekwale muka fitar da awakin zuwa tudu gidan yayata, kuma waɗanda suka mutu ba ruwa ya ci su ba, sanyi da tari ne suka kwashe ƙananan daga baya.

Wani matashi, Jega:
Inna ta faɗi gaskiya. Ni abin da ke ɗaga min hankali yanzu maganin feshi ne. Da can ciyawar bakin gona ta kowa ce, ka ɗauki lauje ka yanka. Yau kusan kowa fesa gonarsa yake har iyaka, kuma ranar da aka fesa ciyawar tana nan kore shar, ba ka ganewa. Ƙanena ya yanko irin wannan, kafin la'asar uwar garken tana dalalar da miyau tana rawar jiki, ba ta kai magariba ba. Mai gonar bai yi da gangan ba, amma da zai soka ɗan tsumma a kara ya nuna an yi feshi, da bai rage shi da komai ba.

Mai jajayen awaki, Gwandu:
Allah ya mayar da alheri. To kai yanzu ina kake samun ciyawa?

Wani matashi, Jega:
Amin Baba. Daga gonarmu kawai, wadda muka cire da hannu, sai ganyen itace in ta kama.

Malamin dabbobi mai ritaya, Birnin Kebbi:
Mai awakin Gwandu, ramar nan da zawo ka fara zargin tsutsar ciki. Ƙwanta na fita cikin kashi, danshi da ɗumin damina su ƙyanƙyashe shi, 'ya'yan su hau ciyawa, musamman da safe lokacin raɓa. Akuyar da ke yawo bisa take kai baki, ganyen itace take ci, shi ya sa ba ta cika kwasa ba. Wadda aka ɗaure wuri ɗaya ana zuba mata ciyawa a ƙasa kan kashinta, kullum sake haɗiya take yi. Ja fatar idonta ta ƙasa ka duba: in ja ce lafiya, in ta yi fari jini ya ƙare. Wani lokaci har ƙarƙashin haɓa yakan kumbura kamar an ɗura ruwa.

Ka rataye ciyawar ko ka sa a kwando, ka bari ta sha iska ta yi laushi kafin ka ba su. Maganin tsutsa kuma a ba da shi daidai nauyin dabba. Abin da ke ba ni takaici shi ne a raba ƙwaya ɗaya wa awaki da yawa don tsimi. Tsutsar ba ta mutu ba, ta dai saba da maganin. Maganin tsutsar da ake kira Albendazole kuma ba a ba akuya mai sabon ciki.

In kuwa zawon ya zo da zazzaɓi, majina, kwantsa da gyambon baki, kuma yana bin garke, wannan PPR ce, wato annobar awaki da tumaki, ware marar lafiyar nan take. Ba ta da magani sai riga-kafi, wanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi, allura ɗaya tana kare dabba shekara 3 ko fiye. Ku haɗu a unguwa ku kira ma'aikaci, domin kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, in an haɗa ta kuma ba ta kwana.

'Yar uwarku daga Gummi, jihar Zamfara:
Sannunku mutanen Kebbi, ku ba maƙwabciya wuri. Ku kuna maganar wace ciyawa, mu maganarmu wa zai je yankowa. Ba uwar da za ta tura ɗanta daji da lauje a halin rashin tsaron da muke ciki. Ciyawa ta zama abin saye a bakin kasuwa, dami-dami. A 2021 da aka rufe kasuwannin mako aka hana safarar dabbobi, ga awaki a gida, ga yunwa, ba inda za ka kai ka sayar. Tun daga nan na rage. Na bar uwaye masu haifar tagwaye, sauran na sayar kafin ruwa ya sauka, kuɗin na sayi dusa da ƙowar wake na ajiye. Akuya ita ce asusun mace, da ita nake sayen magani da kayan ɗakin 'ya, amma in ta fi ƙarfin ciyarwarka ita za ta cinye ka.

Dattijo daga Bunza:
'Yata, Allah ya kawo mana zaman lafiya. Abu biyu zan ƙara. Igiya: a ƙafa ake ɗaurewa ko a yi ƙullin da ba ya zargewa, na ga akuya ta shaƙe kanta cikin dare don ta hango dusar 'yar uwarta. Kuma a sa turaku nesa da juna. In ta tsinke ta shiga waken mutum, kada ka tsaya musu, je da kanka ka ba da haƙuri kafin magana ta kai gaban mai unguwa. Maƙwabcina mun yi shekaru ba ma ga maciji saboda kunya biyu ta wake.

Na biyu, kuna mantawa da barbara. Cikin akuya wata 5 ne. In ta yi damina duka ba ta ga bunsuru ba, haihuwa guda ta wuce ka. In ka ji tana yawan kuka tana kaɗa wutsiya, ja ta ka kai gidan mai bunsuru ranar nan, kada ka ce sai gobe.

Uwargida daga Argungu:
Baba, namu bunsurun an yanka shi da suna, duk layinmu babu ko ɗaya. Wanda ke da jan bunsuru mai kyau kusa da Argungu ya yi magana, zan aiko yaro da akuyar da kwanon dusa.