An Ce Asabar Za a Rufe Hanya: Musayar Baitoci Daga Zangon Kumasi

Baba Tela: Salamu alaikum. Asambiliman, wato kansilanmu na unguwar Aboabo, ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, motar lasifika ma ta zaga. Za a rufe hanyar da ta gangara rafi don a faɗaɗa gota, za a ɗauke ruwan famfo yayin da ake kawar da bututu, ranar Asabar kuma aikin gayya ne tun asuba, ba buɗe shago sai an gama. Masu tebur a bakin titi an ce su ja baya. Mai amsa ya amsa da baiti.

Da sunan Rabbana zan fara,
Sanarwa ta iso, ku saurara,
Gotarmu za a zo a gyara,
Ku fito mu kama aiki.

Shekara nawa muna kuka,
Hadari ya taso mu farka,
Ruwa ya biyo mu har ɗaka,
Ya lalata kayan ɗinki.

Mai zuba bola cikin rafi,
Shi ne ya fi kowa laifi,
Asabar ya zo da ƙarfi,
Kada ya ɓuya a ɗaki.

Hajiya Mai Koko:

Baba, ni ke sayar da koko,
Teburina za a ture tun farko,
Marayu na hannuna ina riƙo,
Wa zai ba su na makaranta?

Ka ce bola, ina kwantena?
Ta cika ta zubo ƙofar gidana,
Mai aboboya (keken kwasar bola) na cin kuɗina,
Ban kai wa rafi ƙazanta.

Famfo kuma an ce zai yanke,
Gero na jiƙe, da me zan wanke?
Galan Kufo (jarkar ɗibar ruwa) mata za su ɗauke,
Wahalar, maza ba ku san ta.

Na-Yalwa: Allah ya ja zamanin Hajiya! Baba Tela, a koma kan keke, yau an ɗinke ka.

Ɗan Komiti: Hajiya, da girmanki, a ji ta bakinmu.

Hajiya, ki saurari bayani,
Ba wanda ya kore ki da raini,
Ki ja tebur baya kaɗan zuwa gindin mangwaro har a gama,
Bututu na ƙarƙashin wurinki.

Ruwan da muke sha daga Barekese,
Kogin Offin ne aka datse,
Owabi na agaji don kar mu bushe,
Tsohon bututu ke son aiki.

Dam ɗin Owabi tun 1928 yake ba garin nan ruwa, lokacin Kumasi ba ta kai haka ba. In aka zuba kankare a kan bututu ba a kawar da shi ba, ranar da ya fashe sai an farfasa sabuwar gotar kafin a kai gare shi. Dalilin ɗauke ruwan ke nan. Ku tara ruwa tun daren Alhamis.

Ɗan Pragya:

Yaya Komiti, sannu da ƙoƙari,
An hana mu Adum, mun yi haƙuri,
Kejetia ma mun bar ta da wuri,
Yanzu kuma hanyar unguwa?

Mai keke na jiran kuɗinsa,
Hanya a rufe, ba ruwansa,
Fetur ya ɗaga farashinsa,
Wa zai ciyar da tsohuwa?

Sofoline tun ina goye,
Aka fara ta, ba a ɓoye,
Na girma ana ta juye-juye,
Ku ba mu ranar gamawa.

Gimbiyar Sawaba: Gaskiyarka ƙanena. A 2007 aka fara gadar Sofoline, a 2023 aka hana ku masu pragya, keken fasinja mai ƙafa uku, shiga tsakiyar gari, wato Adum da Kejetia, duk a idonmu. Unguwar Sawaba na bayanka.

Malam Mai Allo: Kafin a wuce, akwai gyara. Ɗan Komiti, layinka na farko gaɓa 10, na biyu 10, na uku 19. Ka fara da amsa-amon "ni", ka yar da shi ka ɗauko "ma". A ƙasar da Alhaji Umaru ya zauna ya karantar har ya rasu a Kete-Krachi a 1934, bai kamata a ga irin wannan a yi shiru ba.

Ɗan Komiti, ɗana, zo kusa,
Baiti na da awo, ba a yi masa wasa,
Layin farko ka auna ya isa,
Na uku ya zarce, ya tafi nesa,
Amsa-amo ya faɗa rami.

Mu a ƙasar nan mun gaji waƙa,
Malam Umaru na Krachi ya saƙa,
Kowane layi da awo ya liƙa,
Ɗalibai suka haddace suka riƙa,
Ka koma allo gun malami.

Ɗan Komiti: Malam, Allah ya gafarta, saƙon jama'a na kawo. Ko layin ya yi tsawo, gindin mangwaron na nan inda yake, kuma nan za a ja teburin.

Ɗan Pragya: Allah gafarta Malam, ni ma na ƙirga da yatsa. Layinka na farko 9, na biyu 13. Wannan fa?

Malam Mai Allo: Yaro, aruli, ilimin awon waƙa, ba ƙirgen fasinja ba ne. Gaɓa akwai doguwa akwai gajera. A karin Kamil gajeru biyu kan tsaya a gurbin doguwa ɗaya, layi ya yi yawan gaɓa amma nauyinsa bai sake ba. Nasa kuwa ko da wane ma'auni ka zo, ya karye.

Na-Yalwa: To ai kai ka fara ƙirgen, Malam! Da aka juyo kanka sai ka ce nauyi. Mu a unguwar Yalwa kalangu ke yanke hukunci: in baiti ya hau kiɗa ya hau, in bai hau ba bai hau ba. Na Hajiya ya hau. Naku na Asawase sai a kan allo.

Gimbiyar Sawaba: Kai Na-Yalwa, kullum kirari, ba mu taɓa ganin baitinka ko ɗaya ba. Mai guɗa ba ya raina amarya.

Na-Yalwa:

Gimbiya kin ce in yi, ga shi na yi,
Yalwa ba ta tsoro ko kaɗan,
Sawaba in an yi ruwa sai iyo,
Mu kam muna tudu.

Malam Mai Allo: Layi huɗu, ƙarshe huɗu, ba biyun da suka san juna. Na-Yalwa, ka koma guɗa.

Gimbiyar Sawaba:

Na-Yalwa, ambaliya ba abin dariya,
Ta ci gidaje, ta raba uwa da ɗiya,
Ledar da ka yar a tudu tun jiya,
Ita ke gangarowa ƙofarmu.

Anti Nas: Iyayena, an bar jaki ana dukan taiki. Kwalarar 2014 ce ta sa gwamnati ta ware Asabar ɗin farko ta kowane wata don tsabta, kuma waɗanda muka yi jinya a shekarar ba mu manta ba.

Malam, a ajiye awon baiti,
Ku zo ku ga yara a asibiti,
Sauro na ƙyanƙyasa bakin titi,
Ku kuna faɗan gaɓoɓi.

Hajiya, kokonki muna so,
Amma ƙudan gota in ya taso,
Kan ƙosai zai sauka in ya iso,
Rufe kwano ya zama wajibi.

Hajiya Mai Koko:

'Yata Nas, ki iya bakinki,
Kokona ne ya raine ki,
Da shi kika je makarantarki,
Ƙuda bai hana ki girma ba.

Hajiya Mai Koko: Ban gama ba.

Kwanona a rufe, ki zo ki duba,
Ƙosaina cikin gilashi tun asuba,
Ki tambayi masu sallar Asuba,
Ba a taɓa kai kowa gunki ba.

Shara kuwa mu muka saba,
Tsintsiya ba ta san hannun Baba,
Asabar mata za su fito da gaba,
Mazan shayi ba za su taso ba.

Malam Mai Allo: Hajiya, kin maimaita "asuba" sau biyu a jere a ƙarshen layi. Aibi ne a wurin masana, ko da baitin ya yi daɗi.

Hajiya Mai Koko: Malam, ni ke tashi a asubar, ina da ikon kiranta sau goma.

Baba Tela: Wuta ta ɗauke mana, waya ta mutu, sai yau na ga abin da aka tara mini. Hajiya, ga amsarki. Na-Yalwa, taka na tafe.

Hajiya, ƙanwata, ki sassauta,
Ban ce ke kika zub da ƙazanta,
Wanda ya tsargu shi ya aikata,
Ni ban ambaci suna ba.

Kin ce tsintsiya ba ta san ni,
Shebur ya san ni tun zamani,
Rafin Pelele ya cika na shiga da kaina, kin gani,
Ban tsaya jiran kowa ba.

Na-Yalwa mai kirarin banza,
In an ce gayya sai ka waiwaya ka ruga da hanza,
Ranar Asabar ka zo mu gwada maza,
Baki bai taɓa kwashe laka ba.

Na-Yalwa: Baba ya dawo da zafi! Malam, ba ka ga layinsa na biyu ba ne, ko tsoron dattijo kake?

Malam Mai Allo: Na gani. Ya yi tsawo, kuma "hanzari" ya gutsure don amsa-amo ya zauna. Larurar waƙa ta yarda da gutsurewa, ba ta yarda da tsawon ba.

Baba Tela: Ɗan Komiti, bar su da awo, ga abin da ke raina. Mun sha kwashe laka mu tara a bakin gota, motar ɗauka ba ta zo ba, ruwa ya sauko ya mayar da ita inda muka ciro ta.

Ɗana, in mun ciro mun tara,
Mota ta zo kafin la'asar ta share,
In ta kwana hadari ya fara,
Aikin gayya ya tashi a banza.

Ɗan Komiti: Baba, na kai maganar. Tun 2012 majalisarmu na nan Asokore Mampong, ba sai mun shiga cikin gari da kuka ba, da ƙafata na je. An ce mota za ta zo ranar, a sauke kwantenar da ta cika a kawo wata. Haɗuwa a ƙofar masallaci bayan sallah, kowa da shebur ko baro. Masu gidaje kuma a tuna kuɗin gida na shekara, da irinsa ake biyan motar.

Na taƙaita layi don Malam,
Saƙo ya isa, wassalam.

Hajiya Mai Koko:

Ɗan Komiti, na ji batunka,
Zan ja tebur don girman iyayenka,
In mota ba ta zo ba, kuka da kanka,
Ƙofarku za mu kai lakar.

Gimbiyar Sawaba: Hajiya, a sa ni a layin masu baro.

Ɗan Pragya: Yaya Komiti, kowa ka amsa masa ban da ni.

Ka faɗi ranar da za a rufe,
Ka faɗi wurin haɗuwa da safe,
Fasinjana na tambaya ina tafe,
Yaushe za a buɗe hanyar?