Ina haɗa sola amma ba a san ni ba, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni matashi ne a Rijiyar Zaki, sana'ata haɗa sola a gidaje da shaguna. Shekara huɗu ke nan da maigidana ya yaye ni. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane suka fara jingine janareta suna neman sola, amma ni har yau aikina bai wuce na dangi da maƙwabta ba. Abin da ya ƙona mini rai, makon jiya aka kira ni gyara a wani gida a Hotoro. Wanda ya haɗa musu solar, siririyar waya ya ja daga batir zuwa inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, har robar ta narke ta yi baƙi ƙirin, Allah ne ya kiyaye gobara. Na tambayi mai gidan ina ya samo shi, ya ce a TikTok ya gan shi. Ni kuwa ina da shafi a Facebook, in na sa hoto ko mutum goma ba sa kulawa. Don Allah ku ba ni shawara. In biya kuɗin talla ne?

Wata mai ɗinki daga Gwammaja:
Wa alaikumus salam ƙanena. Sai da na leƙa shafin naka kafin in yi magana. Hotunan farantin sola ne a kan rufi, babu fuskarka, babu muryarka, ɗan bayanin ma da Turanci ka yi shi. To wa zai ɗauki kuɗin da ya yi wata da watanni yana tarawa ya damƙa wa wanda bai taɓa gani ba, ya kuma shigar da shi har cikin gida inda iyalinsa suke? Ita wannan wayar da ta narke, ina fatan ba ka yar ba. Ka riƙe ta a hannu, ka ajiye mai kaurin da ta dace kusa da ita, wani ya ɗauke ka bidiyo na minti ɗaya kana bayani da Hausa yadda za ka yi wa yayarka. Kada ka kama sunan kowa, kada ka zagi aikin wani. Ni ma shekara biyu ina sa hoton riga a rataye, shiru. Ranar da na juya cikin riga na nuna yadda nake kashe bakin ɗinki, a ranar mata uku suka kira ni.

Wani dattijo mai kayan wuta a France Road:
Ɗana, Hajiya ta gama magana, ƙari kawai zan yi. Kullum a shagona tambayoyin nan ne dai: batirin ruwa ko na litiyom, wanne ya fi? Zai ɗauki firji? Me ya sa da hunturu wuta take raguwa? Kai ka san ƙura ce take kwanciya a kan faranti, a goge shi da sassafe kafin ya ɗau zafi. Ka san a nan Kano kudu ake fuskantar da faranti. Kai a wurinka ba komai ba ne, amma mai saye bai sani ba. Kowace tambaya bidiyo guda ce. Kada ka ji tsoron wai ka ba da sirrin sana'a, wanda ka koya wa goge faranti ba zai hau rufi ya haɗa da kansa ba, kai zai nema. Kuma ka fara yanzu, kafin zafin Maris da Afrilu ya shigo, lokacin ne kowa yake tuna fanka.

Wani mai kula da shafukan 'yan kasuwa daga Zoo Road:
Malam, kada ka biya talla tukuna. In ka biya aka turo mutane suka tarar da shafi fayau, kuɗinka ya tafi. Ka tara bidiyo kamar goma tukun. Ka sauke WhatsApp Business, kyauta ne, ka jera ayyukanka a ciki. Ka yi wa shagonka rajista a taswirar Google, ita ma kyauta ce. Suna ɗaya da lamba ɗaya a ko'ina, kuma sunan ya ƙunshi sola da Kano. Duk wanda ya yi maka magana ka roƙe shi ya adana lambarka, kai ma ka adana tasa, domin sai da haka zai riƙa ganin sitatus ɗinka, shi kuma awa 24 yake yi ya ɓace, don haka kullum ka sa. Lambobin nan su ne jarinka. Ka tuna an rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, waɗanda suka dogara da ita kaɗai sun ji jiki. Mabiyan shafi da ake saye da kuɗi kuwa kada ka kusance su, ba mai kiranka aiki a cikinsu.

Wani injiniya daga Tarauni:
Ni ina ganin ɗan talla ba laifi in bidiyon sun taru, amma a taƙaita shi ga mazauna cikin Kano. In kuma kana hangen aikin makarantu da asibitoci da kamfanonin Sharaɗa da Bompai, su takarda suke tambaya. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka nemi shaidar masu aikin wuta daga NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin lantarki, ka buɗe LinkedIn, shafin ma'aikata da kamfanoni, ka sa su. Sannan don Allah kada ka ɗauki hoto a gidan mutum sai da izininsa, kuma kada ƙofar gida ko iyali su fito.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, iyayena da yayyena. Hajiya, wayar tana nan cikin jakar aikina. Na kira mai gidan na Hotoro, ya amince in nuna ta, har ya ce zai yi mini 'yar muryar shaida tunda yanzu wutarsa tana kwana. Gobe bayan la'asar ƙanina zai riƙe mini wayar hannu mu ɗauki bidiyon a ƙofar shago. In na sa zan turo muku ku duba mini kafin in ci gaba da na batir.