Neman taimako: kalmomin wankin kafet daga Jamusanci zuwa Turanci

Baban Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Oga ya ɗora min aikin mayar da ƙa'idojin wankin kafet zuwa Turanci, saboda sabbin ma'aikata da Jamusancinsu bai nuna ba tukuna. Na cije a Sprühextraktion, Detachur, Zwischenreinigung da Garnpad. Wane ƙamus kuke dubawa?

Ɗan Kumasi: Wa alaikumus salam. LEO da dict.cc, amma Linguee ya fi min, yana nuna kalma a cikin jimla.

Hajiya ta Bremen: Turancin wa za ka bi? Teppichboden dai, wato kafet mai rufe ɗaki daga bango zuwa bango, Baturen Ingila fitted carpet zai ce, Ba'amurke kuma wall-to-wall. Ka zaɓi ɗaya ka riƙe har ƙarshe.

Malam na Altona: Baban Hanifa, don Allah ka bi Sprühextraktion ɗin nan a hankali, na ga ɓarnarta da idona. A wani kamfanin goge-goge da na yi wa aiki, takardar da aka raba mana injin fassara aka zuba wa, ba wanda ya sake dubawa. Inda Bajamushe ya ce Sprühextraktion sai aka sa steam cleaning. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, haka Amurkawa ke kiranta a talla, sai dai aikin ba na tururi ba ne. Injin fesa ruwa da sinadari yake yi cikin gashin kafet, nan take ya zuƙe shi tare da dattin. Wani yaro sabon zuwa ya karanta, ya shiga sito ya ɗauko Dampfreiniger, injin tururi na gaske, wanda muke wanke tayil ɗin banɗaki da shi, ya hau kafet ɗin ulu na wani ofis. Washegari gashin ya dunƙule ya yi tauri, gefen ya janye har yatsa na shiga tsakaninsa da bango, ga wani ja-ja-ja ya taso daga ƙasa, domin bayan kafet ɗin na algarara ne, ba ya shiri da jiƙa. Yaron aka sallama. Wanda ya danna fassarar kuwa ko kira ba a yi masa ba. Ka rubuta spray extraction, ko hot water extraction in da ruwan zafi ne. Kuma ka nemi littafin da ke zuwa da Puzzi, injin wankin kafet na kamfanin Kärcher, Jamusanci ne a farko, Turanci na biye. Ka jera su kana kwatantawa, masu sana'ar ne suka rubuta.

Maman Biyu: Innalillahi. Allah ya musanya wa yaron da mafi alheri.

Ɗan Maraɗi: Ku da wahalar da kai. Mu a Nijar moket muke cewa, magana ta ƙare.

Ɗan Kumasi: Moket ɗin ma na Faransa ne, ranta muku aka yi.

Ɗan Maraɗi: Kafet ɗin fa, kakanka ne ya raɗa masa suna?

Hajiya ta Bremen: Ku bari mana, bawan Allah aiki ke gabansa. Detachur cire tabo ne ɗaya bayan ɗaya, spot removal ko spotting. Matakan wankin kuwa uku ne: Unterhaltsreinigung na yau da kullum, Zwischenreinigung shi ne interim cleaning, Grundreinigung kuma deep cleaning. Ƙa'idar S100 ta IICRC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin sana'ar a Amurka, restorative take kiran na ƙarshen, amma ma'aikatanka deep za su fi ganewa.

Ɗan Kumasi: Kar dai ka rubuta ground cleaning, su ɗauki tsintsiya su fita tsakar gida.

Baban Hanifa: Na gode Hajiya, Allah ya saka. Akwai inda suka ce Brücke, na rasa me ya kawo gada cikin falo.

Malam na Altona: Ƙaramar darduma ce, rug kawai. Läufer kuma doguwar nan ta koridoo, runner. Sannan takardun sinadarai, Sicherheitsdatenblatt, kar ka taɓa su da fassararka. Sashe 16 ne a tsare, ka sa oga ya nemi na Turanci daga kamfanin da ya haɗa sinadarin. In wani ya ƙone hannu, kai za a nema.

Maman Biyu: Tunda ana maganar, wa ke da injin nan ya ara mana? Kafet ɗin masallaci na bukatar wanki kafin azumi.

Ɗan Maraɗi: Baumarkt, shagon kayan gini, na ba da haya. Amma bara wa ya jiƙa shi sharkaf har muka yi Juma'a a kan kwali?

Ɗan Kumasi: A bar tone-tone.

Baban Hanifa: Garnpad ɗin fa jama'a?

Maman Biyu: Asabar bayan Azahar ta yi wa kowa? Mai zuwa ya taho da fanka.