Ciniki na tafiya, amma aikina ya tsaya wuri ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da wurin ɗinki, da yara masu aiki a ƙarƙashina. Alhamdu lillahi ciniki bai taɓa yankewa ba, ina sallamar kowa, ina kuma ajiye ɗan abin da ya samu. Damuwata ita ce yankan da nake yi bana shi na yi bara. Kwastomomi ba sa ƙorafi, amma masu kawo manyan ayyuka sun fara janyewa a hankali. Abokina ya ce in buɗe reshe na biyu, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba. Me kuke gani?

Wata 'yar kasuwa:
Wa alaikumus salam Malam. Kar ka yarda da shirun kwastoma. Mai ƙorafi yana son ya dawo ne, wanda ya haƙura da kai sai dai ka daina ganinsa. Kira waɗanda suka janye, ka tambaye su ba tare da kare kanka ba.

Wani tsohon ma'aikaci:
Ɗana, reshe na biyu zai ninka maka aikin da ka riga ka gaji da shi ne kawai. Injiniyan Kodak ne, wato kamfanin kayan ɗaukar hoto, Steven Sasson, ya ƙera kyamarar dijital a 1975, amma ribar fim ɗin da ake sa wa kyamara don ɗaukar hoto ta yi wa kamfanin daɗi, ya yi ta jan ƙafa har ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2012. Ba rashin rassa ne ya kayar da su ba. A masana'antun Toyota kuwa, ƙaramin ma'aikaci na da ikon jan igiya idan ya ga aibu, a tsaya a gyara kafin mota ta wuce. Yaranka fa? Idan ɗaya ya ga hannun riga ya karkace, zai iya faɗa maka, ko zai goge ya ninke saboda mai kaya na jira? Buɗe littafi ka riƙa rubuta duk kayan da aka dawo da su gyara, da dalili. Bayan wata uku za ka ga aibun da ke maimaita kansa.

Wani matashi:
Baba ya yi gaskiya. Ni dai ƙari ɗaya: ware yini guda a mako don gwada sabon yanka a kan ragowar yadi.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Hajiya, wannan kiran ne ya fi yi mini nauyi, amma da shi zan fara. Maganar reshe na jingine ta tukuna.