RTX 4060 mai 512GB ko RTX 4050 mai 1TB?

Nura: Assalamu alaikum. Kuɗina ya tsaya tsakanin laftof biyu na gem. Ɗaya mai katin hoto RTX 4050 ce da ma'ajiya 1TB, ɗayar RTX 4060 amma 512GB kacal. Yaya Bashir ya ce duk wanda ya zaɓi ta farko saboda faɗin ma'ajiya ya yi asarar kuɗinsa. Ni kuma zuciyata tana kan 1TB ɗin.

Bashir: Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Katin hoto na laftof a manne yake da bod, da dalma aka liƙa shi, yadda ka saya haka za ku rabu. 4050 tana da 6GB na ƙwaƙwalwar hoto, 4060 tana da 8GB. SSD kuwa, wato ma'ajiyar, ɗan siririn allo ne da noti ɗaya ke riƙe da shi. Ranar da ka samu kuɗi sai ka ƙara.

Hafsat: Yaya Bashir, "ranar da ka samu kuɗi" ita ce matsalar ai. 512GB ɗin nan idan ka kunna 476 za ka gani saboda bambancin lissafi, sannan Windows ta ci nata a ciki. Gem ɗin Red Dead Redemption 2 kaɗai 150GB yake nema. Ka sa biyu irinsa ka ga inda aka kwana. Ni na sha wannan wahalar: in goge gem don in samu wuri, bayan wata biyu in sake sauke shi da datar da na saya da kuɗina, cikin dare, wuta na ɗaukewa ana komawa baya. Abin da na ƙona a data ya isa sayen SSD.

Bashir: To ai kin ƙarfafa maganata, ƙanwata. Ki sayi SSD ɗin, ya fi ki sayi kati mai rauni.

Malam Isa: Ku bari in sa baki, tunda ni nake buɗe cikinsu kullum a shago. Bashir yana da gaskiya, amma ya tsallake sharaɗi: ba kowace laftof ke da gurbi na biyu ba. Lenovo Legion 5 tana da gurbin M.2, wato inda ake sa SSD, guda biyu. Acer Nitro 5 ta shekarun baya, kamar AN515-55, tana da biyu har da wurin had dis mai inci 2.5. HP Victus 15 kuwa gurbi ɗaya ne. Idan irinta ce a gabanka, ba ƙari za ka yi ba, sauyi ne: ka cire na ciki, ka kwafe Windows zuwa sabon, tsohon ya koma cikin kwanso na USB.

Watan jiya wani yaro ya zo mini da sabon 2TB a kwalinsa, murna fal. Muka kwance murfin, gurbi ɗaya, kuma nasa mai ƙwayoyi ta fuska biyu ne, ya ƙi kwanciya daidai. Wallahi sai da tausayinsa ya kama ni.

Nura: Malam, to in na ƙara NVMe, wato SSD mai gudu, gem ɗin zai ƙara santsi?

Malam Isa: A'a, ɗana. Zai rage maka jiran buɗewa ne kawai. Had dis yana ja kamar 100MB a daƙiƙa, SATA SSD wajen 550, NVMe na Gen4 har 7,000. Amma yawan hoton da ke gudana a allo aikin kati ne da furosesa. Kuma ka tambayi watt ɗin katin, wato yawan wutar da yake ja. 4060 ta laftof ana saita ta daga 35W har 115W, suna ɗaya ƙarfi daban.

Hafsat: Na yarda da batun kati. Abin da ban yarda ba shi ne a ce masa ya yi asara. Wanda ƙwallo kawai yake bugawa da GTA V, 4050 ta ishe shi, kuma ya huta da buɗe sabuwar na'ura tana cikin garanti.

Bashir: Yau ta ishe shi. Shekara uku fa?

Hafsat: Shekara uku ma ba kowa ke bin sababbin gem ba, Yaya.

Nura: Ni dai ina binsu. Na tura wa mai shagon saƙo ya turo mini cikakkiyar lambar samfurin laftof mai 4060 ɗin.

Malam Isa: Turo ta nan in duba. Gobe kuma kada ka biya sai ya cire murfin ƙasa ka ga gurbin da idonka.